Agogon da Ke Cikin Injin Yankan Itace

Da zarar an kawar da amfanin gona a ƙasar Rano, hunturu ya kankama, akwai wata ƙara da ke tashi daga gonaki wadda kakanninmu ba su san ta ba. Ƙara ce mai tsini, kamar ta babur ɗin da aka murɗe wa totur har ƙarshe, ta ɗauke, jim kaɗan ta dawo. Mutumin Fammar, a ƙaramar hukumar Kibiya, ba ya bukatar a gaya masa ko mene ne: injin yankan itace ne ake rage rassan ɗorawa da shi, ko ake tsaga gungumen darbejiya ko na mangwaro domin a fitar da katakon rufi da na benci. Aikin da majiya ƙarfi huɗu za su yini suna yi da gatari, wannan inji yakan gama shi tsakanin hantsi da azahar.

Ga mai shi, injin jari ne, sau da yawa ma bashi ne, kuma rani ne lokacin kasuwarsa. Idan ya tsaya, mai shi yakan ɗaure shi a bayan babur ya nufi bakaniken da ya fi kusa, wanda galibi mai gyaran babura ne ko janareta ko injin ban ruwa, a Kibiya ko Rano. In abin ya gagara sai birnin Kano, inda ake neman kayan gyara a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari. Kanikawanmu mutane ne masu basira, waɗanda kan ta da injin da a wata ƙasa tuni an jefar da shi. Amma akwai wani abin takaici da ke yawan aukuwa: inji ya shiga gareji da ƙaramar larura, ya fito da babba. Garin neman gira an rasa ido. Mafi yawan wannan ɓarna tana faruwa ne a wuri ɗaya, wato lokacin da aka zo cire wani faifai da ke gefen injin, wanda kanikawa ke kira filawil, wasu kuma maganeto. Dalilin ɓarnar kuwa yana nan cikin darussan kimiyyar lissafi da na fizis da ake koyarwa a makarantun sakandare.

Daga ɗakin tiyata zuwa daji

Mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa likitoci ne suka fara ƙera zarto mai sarƙa. A ƙarshen ƙarni na 18, wasu likitoci biyu na ƙasar Sikotilan, John Aitken da James Jeffray, sun yi amfani da 'yar sarƙa mai haƙora, wadda ake ja da hannu, wajen yankan ƙashi. A 1830 wani Bajamushe, Bernhard Heine, ya ɗora irin wannan sarƙa a kan ƙarfe mai jagora, ana juya ta da mariƙi. Sai bayan kusan shekara ɗari aka kai ta daji. Andreas Stihl ya ƙera mai aiki da lantarki a 1926 a Jamus, Emil Lerp ya fito da mai shan fetur a 1927, ya kuma sa wa kamfaninsa sunan dutsen Dolmar inda ya gwada shi. Waɗannan na farko sai mutum biyu ke ɗaukarsu saboda nauyi. Sarƙar da muke gani yau kuwa wani mai saran itace ne Ba'amurke, Joseph Cox, ya tsara ta bayan ya tsaya ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace da muƙamuƙanta, ya kafa kamfaninsa a 1947.

Wanda ya fi shahara a dazuzzukan Afirka ta Yamma shi ne Stihl 070, wanda ya fito a 1968, mai silinda da ke ɗaukar santimita 106 mai cibi uku. Yau kasuwa ta cika da kwaikwayonsa da kuma ƙanana 'yan ƙasar Sin masu sauƙin kuɗi. Sunayensu daban-daban ne, amma tsarin cikinsu ɗaya ne.

Yadda yake numfashi

Injin yankan itace ɗan gidan su Basfa ne da Suzuki da Jincheng na zamanin acaɓa, da ƙaramin janaretan nan Tiger. Dukkansu masu bugu biyu ne. Ma'ana, fistan ya hau sau ɗaya ya sauka sau ɗaya, wuta ta tashi, saɓanin injin mota wanda sai ya yi bugu huɗu. Wani Bature ɗan Ingila, Joseph Day, shi ya tsara irin wannan a wajajen 1891. Ba shi da bawul ko ɗaya. Fistan da kansa ne ke buɗe ramukan da ke jikin silinda yana rufe su yayin da yake kai da kawowa. Idan ya hau sama, sai ya zuƙo iska da fetur daga kafireta zuwa ɗakin da ke ƙarƙashinsa, inda karanshaf yake. Idan ya sauko, sai ya matse su, su bi ta wasu hanyoyi a gefen silinda su hau samansa, su kori hayaƙin da ya rage ta salansa.

Abu biyu ya kamata ɗalibi ya riƙe daga wannan bayani, domin za mu komo kansu. Na farko, tun da ɗakin karanshaf hanyar numfashi ce, ba a iya zuba masa mai ya kwanta kamar na mota. Dole a gauraya man da fetur, kuma abin da fetur ya ɗauko shi kaɗai ne ke shafe fistan da boris. Na biyu, dole wannan ɗaki ya kasance a toshe ruf, kamar famfon keke. Ƙofa ɗaya tak aka yarda iska ta shigo ta cikinta, wato kafireta.

Aiki huɗu a faifai ɗaya

Idan aka cire murfin da igiyar tayarwa take, abin da ido zai fara gani shi ne filawil. Faifai ne na alminiyam, faɗinsa kamar tafin hannu, yana da fikafikai a fuskarsa da maganaɗisu a binne a gefensa. Shi ne igiya ke kamawa ta juya. Nauyinsa ne ke ɗaukar fistan ya tsallake matsin iska har wuta ta gaba ta tashi. Fikafikansa ne ke hura iska a kan silinda, domin injin ba shi da ruwan sanyaya. Aiki na huɗu kuwa, wanda ya fi su duka laushi, shi ne samar da wuta da kuma faɗin lokacin da za ta tashi.

Injin ba shi da batir. Wutarsa tana fitowa ne daga abin da Michael Faraday ya gano a 1831, cewa idan maganaɗisu ya gifta kusa da naɗin waya, lantarki yakan gudana a cikin wayar. A gefen filawil akwai kwayil, wato ƙarfe mai ƙafafu da aka yi wa naɗi biyu, ɗaya na waya mai kauri kaɗan, ɗaya na siririyar waya mai zagaye dubbai. Maganaɗisu na wucewa sai lantarki ya taso a naɗin farko, sannan a katse shi farat ɗaya. A tsofaffin injuna kontak ne ke katsewa, a na yanzu kuwa taransista. Wannan katsewa ita ke haifar da ƙarfin da ya haura bolt 10,000 a naɗi na biyu, ya tsallake ratar rabin milimita da ke bakin fulogi, ya kunna fetur.

To, sai mu zo ga lissafi. Matsakaicin injin zamani yakan juya sau 12,000 a minti ɗaya, wato sau 200 a daƙiƙa. Kowane juyi guda yana ɗaukar kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa, kuma a cikin wannan ɗan taƙi dole wuta ta tashi a daidai gurbinta. Fetur ba ya ƙonewa nan take, yana bukatar ɗan lokaci kafin harshen wuta ya game silinda. Saboda haka akan kunna shi tun fistan bai ƙarasa hawa ba, saura kamar digiri 20 zuwa 30 na da'ira, domin ƙarfin fashewar ya riske shi yana fara gangarowa. Me ke gaya wa kwayil cewa fistan ya iso wannan wuri? Ba komai ba ne illa matsayin maganaɗisu a jikin filawil, da matsayin filawil a kan karanshaf. Filawil agogo ne, maganaɗisun kuma shi ne hannun agogon.

Abin da ke saita wannan agogo wani ɗan mitsitsin ƙarfe ne mai siffar rabin wata, bai kai ƙwayar wake ba, kanikawa na kiransa ki. Wani Ba'amurke, W. N. Woodruff, shi ya ƙirƙiro shi. Rabinsa na shiga wani rami a jikin karanshaf, rabi kuma a tsagin da ke cikin filawil. A injuna da yawa na yanzu ma ba a raba shi, ɗan tudu ne kawai na alminiyam da aka zubo tare da filawil ɗin. Kaurin karanshaf a wannan wuri kimanin milimita 12 ne, kewayensa ke nan ya kusa milimita 38. Ɗalibi ya raba digiri 360 da 38, zai ga cewa gocewar milimita ɗaya kacal ta kusa digiri 10. Idan filawil ya goce da kaurin tsinken ashana, lokacin wuta ya tashi daga inda yake gaba ɗaya.

Idan wutar ta yi gaggawa, injin yakan fizge igiya daga hannun mai tayarwa, ya yi zafi, har fistan ya huje. Idan ta makara, sai ya ƙi tashi, ko ya tashi ba ƙarfi. Wannan cuta tana da wuyar ganewa saboda dalili ɗaya: idan bakanike ya cire fulogi ya jingina shi da silinda ya ja igiya, zai ga wuta shuɗiya tas. Sai ya ce wuta lafiya lau, ya koma kan kafireta, ya wanke, ya sake, ya sa mai inji ya sayi sabon kwayil, kuɗi na ta tafiya. Alhali wutar tana nan, lokacinta ne ya ɓace.

Akwai wani kuskuren fahimta da ya kamata a gyara a nan. Mutane da yawa sun ɗauka ki ne ke riƙe filawil. Ko kusa. Bakin karanshaf a fiƙe yake, yana sirancewa zuwa waje, ramin filawil ma haka, kamar yadda ƙota ke shiga cikin ruwan fartanya ta kame. Noti ne ke tura ɗaya cikin ɗaya har su cije, kuma gogayyar da ke tsakanin ƙarfen biyu ita ke ɗaukar dukan ƙarfin juyi. Aikin ki nuna gurbi ne kurum. Saboda haka bakaniken da ya shafa giris a wurin, da nufin kyautatawa don cirewa ta yi sauƙi nan gaba, ya rage gogayyar ke nan, ya bar wa ɗan ki nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Ranar da sarƙa ta cije a cikin gungumen ƙirya injin ya tsaya cak, nauyin filawil zai ci gaba da tafiya ya yanke shi kamar an sa almakashi.

Ranar da za a cire shi

Tun da cizo ne ke riƙe filawil, ko an kwance noti ba ya fitowa. A nan ne haƙurin bakanike kan ƙare, hannunsa ya kai ga guduma.

Matsala tana farawa tun wajen kwance notin, domin da an sa sufana sai injin duka ya juya. Abin da aka saba gani shi ne a cusa sukudireba tsakanin fikafikai a tokare. Alminiyam ɗin da aka zuba ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Sai fiffike ɗaya ya ɓalle, bakanike ya dube shi ya ce ai ba komai, saura da yawa. Bari mu auna wannan “ba komai”. A ce guntun da ya fita giram 2 ne, yana nesa da tsakiya da santimita 5, injin kuma na juyi 12,000 a minti. Gefen faifan yana gudun mita 63 a daƙiƙa, sama da kilomita 220 a sa'a. A wannan gudu kowane giram yana jan tsakiya da ƙarfin da ya ninka nauyinsa kusan sau 8,000. Giram biyun da suka ɓace sun bar gefe ɗaya yana rinjayar ɗaya da nauyin kilo 16, kuma wannan nauyi yana zagayawa sau 200 a daƙiƙa, yana dukan boris ta kowace fuska. Mai injin zai ji hannunsa na mutuwa da karkarwa, bayan 'yan makonni boris ya tafi.

Hanyar da ta dace ba ta bukatar ko kwabo. A cire fulogi, a juya injin har fistan ya hau ya rufe ramin salansa, sannan a tura tsaftatacciyar igiya ta ramin fulogi ta cika sararin da ya rage, a bar bakinta a waje. Fistan zai tokare da igiya a hankali, noti ya kwance. Dalilin jiran fistan ya rufe ramin shi ne kada igiyar ta leƙa ciki fistan ya datse ta. A kuma tuna cewa notin filawil yana kwancewa ne ta hagu kamar kowane noti, amma kulocin da ke ɗaya gefen zarensa a juye yake, ta dama ake kwance shi. Yaran gareji da yawa sun karya kuloci suna ɗaure shi alhali a zatonsu kwancewa suke yi.

Zaro faifan kansa aikin wani ɗan ƙarfe ne da ake kira fula. A injunan Stihl da yawa akwai zare a cikin cibiyar filawil. Sai a ɗaura fula a ciki, a murɗa kusar da ke tsakiyarta ta tokari bakin karanshaf, faifan ya saki da 'yar ƙara. Hikimar abin ita ce ƙarfin ja da na turi duka suna tsakiya, suna kashe juna, babu abin da ya isa ga boris. Duk mai injin gurza ƙarfe a Kano zai iya ƙera ta idan aka kai masa samfur. Inda babu zare, akan mayar da noti har ya yi daidai da bakin karanshaf domin ya kare zaren, a ɗaga injin sama ta hanyar riƙe filawil, a ɗan ƙwanƙwasa da gudumar tagulla ko ta roba. Nauyin injin da ke rataye shi ke yin aikin.

Kwatanta wannan da abin da aka fi yi. A kwantar da inji a ƙasa, a zura sukudireba biyu a bayan faifai a danna, wani kuma ya sami tsiraicin bakin karanshaf da gudumar ƙarfe. Bakin ya baje, noti ya ƙi komawa. Dukan ya bi ta cikin boris, ƙwallayensa su yi wa hanyarsu ƙananan lotsawa da ido ba ya gani. Karanshaf ɗin kansa gutsattsari ne da aka matse wuri ɗaya a masana'anta, kuma karkatar da aka yarda masa ba ta wuce kaurin gashin kai ba. Sukudireban kuma suna danna gangar injin, wadda a manyan injuna magniziyam ce, mai saurin tsagewa. Wasu idan duka ya gaza sai su kira mai walda ya gasa faifan da wuta. Tun 1895 Pierre Curie ya nuna cewa zafi yana kashe maganaɗisu, kuma tun kafin a kai ga kashe shi ɗungum yakan raunana. Sai a mayar da filawil ya yi kyau a ido, wutarsa kuwa ta zama ja, mai rauni. Ban da haka, roba ce a bayansa, wadda za mu zo kanta yanzu.

Iska ɓarauniya

A inda karanshaf ya ratso gangar inji ya fito, hagu da dama, akwai zoben roba da kanikawa ke kira sil. Shi ke toshe ɗakin nan da muka ce dole ya zama kamar famfon keke. Na gefen filawil a ɓoye yake a bayan faifan, kuma galibi dominsa ake cire filawil tun farko. Idan ya tsufa, ko wuta ta gasa shi, ko boris ya yi girgiɗi ya cinye leɓensa, sai iska ta riƙa shiga ta bayan gida ba tare da ta bi ta kafireta ta ɗauko fetur ba.

Domin fetur ya ƙone ƙurmus yana bukatar iska ninkin nauyinsa sau 14.7. Amma da gangan ake ba injin yankan itace fetur fiye da haka, domin rarar tana sanyaya fistan, kuma ita ke ɗauke da mai. Iskar sata tana rage duka biyun a lokaci guda: zafi ya ƙaru, mai ya ragu. Alminiyam yana kumbura da zafi, fistan ya cika silinda, fatarsa ta narke ta manne, injin ya buga.

Kafin ya buga yakan yi gargaɗi. Sarƙa ta riƙa gudu ba a taɓa totur ba, ƙarar ta sauya idan aka kwantar da shi ta gefe, ya yi ta kururuwa kafin ya sauko bayan an saki totur. Kuskuren gareji a nan shi ne a ɗauki sukudireba a murɗa kusoshin kafireta har alamun su lafa. An rufe bakin mara lafiya ke nan. Akwai ma masu inji da kansu ke cewa, “Oga, a ƙara masa wuta,” wato a matse kusar fetur har ya riƙa ƙara mai tsini, suna ɗauka ƙarfi ne. Injin da aka saita daidai yakan ɗan yi gargada a muryarsa idan yana gudu a iska, sai ya shiga itace muryar ta washe. A kuma lura da yanayinmu. Iskar safiyar hunturu mai digiri 15 ta fi ta tsakar ranar bazara mai digiri 40 nauyi da kusan kashi 9 cikin 100. Injin da aka matse wa fetur a watan Afrilu, yana bakin rami ne idan Janairu ta zo.

Gano yoyon ba shi da wuya. A yanki tsohon tif na babur a toshe bakin kafireta da na salansa, a hura iska ta ramin fulogi har rabin ba, a zuba ido ga allurar ma'auni. Idan ta sauka, a shafa ruwan sabulu, kumfa zai nuna wurin. 'Yar robar da ake matsawa a na'urar awon jini ta asibiti ta isa wannan aiki.

Abin da fistan ke faɗa

Idan injin ya riga ya buga, mai shi yakan sayo sabon fistan da zobba, a sa, a tayar, kowa ya yi murna. Bayan kwana uku ya sake bugawa, a ce kayan jabu ne. Wani lokaci jabun ne. Amma sau da yawa ba a tambayi tsohon fistan abin da ya kashe shi ba, alhali a rubuce yake a jikinsa. Zane mai zurfi ta gefen salansa alamar zafi ce, wato iskar sata ko ƙarancin mai. Idan gefen kafireta ne ya side ya yi santsi, ƙura ce, kuma duk wanda ya san hazon hunturu a ƙasar Kano ya san abin da matatar iska ke fama da shi. Baƙin dauɗa da ya daskarar da zobba yana nuna an yi amfani da man mota a madadin man da aka yi domin masu bugu biyu. Ƙananan ramuka a kan fistan kuwa, kamar an yi masa sassaƙa, guntun boris ne ko na 'yar wayar da ke tare fil ɗin fistan.

Maganar mai tana bukatar awo. Yawancin kamfanoni suna cewa kashi 1 na mai ga kashi 50 na fetur idan man mai kyau ne, wato mililita 20 a lita ɗaya, ko 100 a jarka mai lita 5. Tsofaffin injuna da man da ba a amince da shi ba akan ba su 1 ga 25. “Murfi biyu” ko “har ya yi launi” ba awo ba ne. Fetur ɗin 'yan bumburutu ma abin lura ne, domin idan an surka shi da kananzir yakan fashe kafin lokacinsa ya ƙwanƙwashi fistan.

Wani kuskure kuma daga gyaran babur aka gado shi. Silindar tsofaffin babura tana da rigar baƙin ƙarfe a ciki, ana iya gurje ta a sa fistan mafi girma. Ta injin yankan itace alminiyam ce da aka yi wa siririn shafe mai tauri, na kurom ko na nikel da silikon, wanda kamfanin Mahle na Jamus ya fito da shi a 1967. Kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Wanda ya gurje shi ya kashe silindar. Abin da ake yi shi ne a goge alminiyam ɗin da ya manne a hankali, a bar shafen.

Wajen sa sabon boris, zafi ya fi guduma. Magniziyam da alminiyam suna kumbura kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Idan aka ɗumama gangar a hankali, ba da harshen wuta ba, har ɗigon ruwa ya riƙa tsalle a kanta, ramin boris mai milimita 35 yakan buɗe isasshe, boris mai sanyi ya faɗa da kansa. Kibiyar da ke kan fistan ta dubi salansa. Bakin kowane zobe ya zauna a kan ɗan tsinkensa. Sannan a wanke bakin karanshaf da ramin filawil su bushe ƙamas, a zaunar da ki, a ɗaure noti da ƙarfin da kamfani ya faɗa, wanda a matsakaitan injuna yake wajen nauyin kilo 15 a ƙarshen sufana mai tsawon santimita 20. Daga ƙarshe a saita ratar da ke tsakanin kwayil da maganaɗisu, kimanin milimita 0.3. In babu ma'auni, katin gayyatar biki ya wadatar: a sa shi a tsakani, a sassauta kusoshi maganaɗisu ya jawo kwayil, a ɗaure, a zare katin. Kada a tayar da injin a cikin rufaffen shago saboda gubar hayaƙinsa, kada kuma a tayar da shi ba murfin kuloci.

Mai injin da ke Jihar Kano yana da wani abin sani ban da na gareji. A 2025 gwamnatin jihar ta sanar da cewa sai da lasisi za a yi sana'a da wannan inji, kuma sai da izini za a sare bishiya. Binciken da masanan Jami'ar Bayero da abokan aikinsu suka wallafa a 1990 kan itacen girki a Kano ya nuna cewa manoman karkarar birnin sun daɗe suna tattalin bishiyoyin gonakinsu, suna rage rassa ba tare da kashe uwa ba. Injin da ke kayar da ɗorawa mai shekara sittin cikin minti goma ya sa wannan tsohon tattali cikin gwaji.

Malaman kimiyya a makarantun Kibiya da Rano, da na Kwalejin Fasaha ta Bagauda, ba sa bukatar sayen komai domin nuna wa ɗalibai abin da muka bayyana. Kowane mai gyaran janareta yana da mataccen Tiger a bayan shagonsa, kuma filawil ɗinsa da kwayil ɗinsa irin waɗannan ne. A kawo shi aji, a cire fulogi, a zura tsinke ta ramin a nemo inda fistan ya ƙure hawa, a yi alama da alli a kan faifan da kuma gangar. Ɗalibai su nemo maganaɗisun da ƙusa, su auna da ma'aunin kusurwa digiri nawa ke tsakaninsa da ƙafar kwayil a wannan matsayi. Sannan a zare ki, a gusa faifan da milimita ɗaya, a sake aunawa.